Baƙon Kyaftin da Muka Kasa Saukarwa

Na manta abubuwa da yawa a aikin nan, har sunayen jiragen da suka taɓa hana ni cin abinci na manta, amma ban taɓa mantawa da Alhamis ɗin da aka bugo wa ofishinmu waya daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sa'id aka ce a turo mai jin Hausa ba. Jiya na ji ku kuna gardamar wanda zai tafi taron bana, wannan yana tambayar otal, wancan yana tambayar ko za a kai mutane yawon ganin gari. Shi ne na ce bari in rubuta muku yadda taron nan ya samo asali kafin in tattara komatsaina in bar muku kujera. Ku kun same shi da manyan zauruka da lasifika da kati rataye a wuya. Ni na gan shi ranar da kujerun ofishin nan suka ishe shi har da ragowa.

Saboda wanda zai karanta wannan ba ɗan sana'a ba, bari in yi ɗan bayani. Kowane babban jirgin ruwa yana da kamfanin inshora da ya tsaya masa. Idan kaya suka jiƙe, ko ma'aikaci ya ji rauni, ko jirgi ya daki bangon tasha, kamfanin ne ke ɗaukar nauyi. To amma kamfanin yana Turai, jirgi kuwa yana yawon duniya, don haka a kowace ƙasa suna da irinmu, masu zuwa su gani su ba da labari. Ƙa'idar farko da ake koya wa sabon shiga ita ce, mu ido ne da ƙafa, ba mu da baki. Ba ka cewa "mun ɗauki nauyi" sai an rubuto daga can an ce ka faɗa. Ƙa'ida ta biyu ba a rubuce take ba, amma ta fi ta farkon ƙarfi: wanda ya fara sa hannu shi ya ɗauki kaya. Sau da yawa jirgi ɗaya kamfani biyu ne a kansa, na mai jirgin da na wanda ya yi hayarsa, kuma kowanne yakan naɗe hannu yana jiran ɗan'uwansa ya fara motsawa.

Ni karatu ne ya kawo ni Alƙahira daga Maraɗi. Ina zaune a unguwar Darrasa ina fama da littattafai da yunwa, Ustaz Fikri ya ɗauke ni aiki saboda ina jin Faransanci. Shi ne mai ofishin nan na unguwar Ma'adi. Kirista ne ɗan Masar (a nan Ustaz laƙabin girmamawa ne da ake kiran kowa da shi), dogo, mai yawan shan shayi da ƙarancin magana, kuma bai taɓa barin in tsaya a aiki lokacin sallar Juma'a ba. A lokacin da nake ba ku labari na kai mataimakin jami'in diyya. Zamanin fakis ne, wayar hannu ba ta yawaita ba. Wadda ke riƙe da jiragen yankinmu a kamfanin Turai wata mata ce, Madam Karin. Shekara da shekaru tana musayar takardu da Ustaz Fikri, sun san salon rubutun juna kamar yunwar cikinsu, amma ba su taɓa haɗa ido ba. Ustaz yakan ce ko a jirgin ƙasa na metro ta tsaya a kansa, sai dai ya ba ta kujera don mace ce, ba don ya gane ta ba.

Jirgin da aka kira mu a kansa ya taso daga wata tasha a Afirka ta Yamma ɗauke da katako, ya nufi gabas mai nisa. Bayan sun yi kwanaki a teku suka tarar da mutum a ɓoye cikin kayan. A ofis irin waɗannan "baƙon kyaftin" muke ce musu, don kyaftin ne ke ciyar da su ba tare da ya gayyace su ba. Jirgin ya tsaya a Bur Sa'id ana gyara masa wani famfo, kuma an sa shi cikin ayarin da zai ratsa mashigin Suwez ranar Lahadi da sassafe.

Na hau ƙaramin jirgi mai inji aka kai ni, na kama tsanin igiya na hau. Aka buɗe mini wani ɗan ɗaki. Na zaci matashi zan gani, sai na tarar da magidanci, har furfura ta fara fito masa a gemu, ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji. Na yi sallama na ce, "Sannu bawan Allah, ya jiki?"

Ya ɗago kai ya ƙura mini ido. "Malam, Bahaushe ne kai?"

Na ce ƙwarai.

"Don Allah sake faɗin wani abu. Ko mene ne."

Na ce, "Sunana Haruna, daga Maraɗi nake." Sai ya rufe fuska da tafin hannu, na tsaya na ƙyale shi har ya gama.

Sunansa Sale. A zangon Hausawa na garin da jirgin ya taso aka haife shi, dako yake yi a tasha, yana da mata, Ladidi, da 'ya'ya. Aiki ya ja baya, wani ya rantse masa cewa jirgin nan Turai za shi. Da yake ba ni labari har dariya ya yi. "Ka ga mai ƙaramar sa'a, Malam. Na saci hanya, ashe ma ba hanyata na sata ba." Wayar ƙarfen da aka ɗaure katako da ita ce ta yanke shi a ƙafa tun ranar farko, ciwon ya kwana ya wuni a cikin zafi da datti.

Na tambaye shi me yake so yanzu. Ya ce, "Turai ta fita raina. A mayar da ni gida kawai. Ko kurkuku za a sa ni na yarda, in dai inda Ladidi za ta iya kawo mini tuwo ne."

Likitan tasha ya zo ya wanke ciwon, ya yi masa allura, ya rubuta cewa zai iya ci gaba da tafiya in yana shan magani. Wannan rubutun shi ya fitar da maganar daga sahun gaggawa. Amma da muke saukowa likitan ya ce mini a hankali, "Ya Ustaz, abin da na gani yau na rubuta. In da ɗan'uwana ne, ba zan bari ya shiga zafin Bahar Maliya da ƙafar nan ba."

Kafin a sauke baƙon kyaftin sai an haɗa abu uku: takardar tafiya daga ofishin jakadancin ƙasarsa, kujera a jirgin sama tare da ɗan rakiya, da kuma takardar lamuni daga kamfanin inshora cewa ya ɗauki nauyinsa har ya isa gida. Na farkon shi muke tsoro, don Sale ba shi da ko guntun kati. Amma Allah ya haɗa mu da mutumin kirki. Ƙaramin jakadan ƙasar mahaifinsa ya buɗe mini ofishinsa na unguwar Dokki ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, alhali ranar hutu ce. Ya saurari abin da na ɗauko daga bakin Sale game da garin ubansa da danginsa, ya duba hoton da na ɗauko, ya ce, "Malam Haruna, wannan namu ne, ko ba a faɗa ba." Ya buga hatimi. Na ce, "Yallaɓai, Allah ya ƙara girma." Kafin la'asar mun samu kujera a jirgin sama. Abu biyu masu wuya sun samu, saura mai sauƙin, wanda layi biyu ne a fakis.

Tun ranar Alhamis Ustaz Fikri ya aika wa Madam Karin. Amsar da ta zo ita ce tana hutu, mataimakinta ne ke riƙe da tebur. Mista Pita sunansa, bai daɗe da fara aiki ba. Ku tuna hutunmu Juma'a da Asabar ne, nasu Asabar da Lahadi, saboda haka yammacin Juma'ar nan ne kaɗai ya rage mana. Ina zaune a gaban Ustaz lokacin da ya kira shi.

Mista Pita ya ce ya karanta komai, kuma ya tausaya. Amma mutumin cikin kaya ya shigo, kayan kuwa mai haya ne ya loda, ke nan akwai yiwuwar nauyin na kamfanin mai haya ne. In ya sa hannu yanzu, za a ce sun amsa cewa nauyin nasu ne.

Ustaz ya ce, "Ka rubuta cewa ba amsawa ba ce. Ku yi shari'arku daga baya. Mutumin dai a sauke shi."

Ya ce bai da ikon yin haka sai da Madam Karin.

"To ba ni lambar inda take."

Ya ce ta bar lamba, amma ba zai iya bai wa wanda bai sani ba. Zai gwada kiranta da kansa.

Ustaz ya ce, "Wanda ba ka sani ba? Tun kafin ka gama makaranta nake wa kamfaninku aiki."

"Na san sunan ofishinku, ranka ya daɗe. Kai ne ban sani ba."

Wallahi har yau in na tuna kalmar nan raina yakan ɓaci, ko da yake gaskiya yaron ya faɗa. Daga baya mun ji ya kira lambar sau ɗaya, aka ce ta fita, ya ji nauyin barin saƙon da zai ɓata wa shugabarsa hutu a kan abin da likita ya ce ba gaggawa ba ne. Muka nemi kamfanin mai haya, su ma suka ce suna jiran su ga matsayin kamfanin mai jirgi. Ustaz ya ce to shi zai sa hannu da sunan ofishinsa. Jami'in tasha ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Ustaz, na san ka, amma doka takardar kamfani ta ce."

Ranar Asabar na koma jirgin. Babu aikin da ya taɓa yi mini nauyi kamar hawa tsanin nan a ranar. Na nuna wa Sale takardar tafiyarsa, ya riƙe ta yana kallon hotonsa, ya ce bai taɓa mallakar takarda mai hatimi ba. Sannan na gaya masa gaskiya. Na ce akwai sauran dama ɗaya, idan jirgi ya fito ta tashar Suwez, ɗaya ƙarshen mashigin, gobe.

Ya ce, "Malam Haruna, mutumin da zai sa hannun nan, ya san ina nan?"

Na ce ya sani.

"To shi ke nan. In ya sani ai zai sa." Ya faɗa mini sunan unguwarsu da na limamin masallacinsu, ya ce in na samu hanyar aika saƙo in ce wa Ladidi yana lafiya, kada in ambaci ƙafar.

Ranar Lahadi Ustaz ya tura ni Suwez da takardar a aljihu, ƙaramin jirgi yana jirana da injinsa a kunne. Shi kuwa ya zauna a Ma'adi yana bugun wayar gaggawa ta kamfanin, wadda a makon nan Mista Pita ne ke riƙe da ita. Amsa ɗaya ce, a bari sai Litinin. Bayan azahar jirgin ya fito daga mashigi. Ina tsaye a bakin ruwa ina kallonsa ya wuce da katakonsa, har ya ƙanƙance. Direban ƙaramin jirgin ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya Ustaz?" Na ce khalas, ya kashe inji.

Ranar Litinin kamfanonin biyu suka fara rubuce-rubuce, aka ce za a duba yiwuwar sauke shi a tasha ta gaba. Tasha ta gaba kuwa tana bayan teku guda. Zazzaɓi ya kama Sale a Bahar Maliya, maganin da ke cikin jirgi ya kasa, dafin ciwon ya shiga jini. Ya rasu a tsakiyar babban teku, babu ƙasa kusa. Kyaftin ya nemi izinin yi masa sutura a ruwa, don tafiyar da sauran nisa. Akwai Musulmi cikin ma'aikatan jirgin, su suka yi masa wanka da salla. Izinin wannan kam bai ɓata lokaci ba, a ranar ya zo, don Madam Karin ta dawo bakin aiki.

Ita ce ta kira Ustaz Fikri da kanta, karo na farko da suka ji muryar juna. Ta ce da an same ta, da kalma ɗaya za ta ce a sauke shi. Ustaz ya ce ya sani. Don ya sassauta maganar sai ya tambaye ta ina ta je hutu. Na ga fuskarsa ta canja, ya zauna a hankali.

Ashe nan Alƙahira ta zo hutun. Ita da mijinta sun zo ganin dalar Fir'auna da gidan tarihi, sun sauka a wani otal a Dokki. Ranar Juma'ar da nake zaune gaban ƙaramin jakada, matar da muke nema tana 'yan layuka kaɗan daga inda nake. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ustaz ya ce, "Me ya hana ki gaya mana za ki zo?" Ta ce ta yi tunani, har ta rubuto adireshinmu, sai ta ga ba su taɓa haɗuwa ba, kada ta ɗora wa mutum ɗawainiya a ranar hutunsa.

Ustaz ya ajiye waya. Shayinsa ya huce a gabansa, abin da ban taɓa gani ba. Can ya ce, "Ya Haruna, a cikinmu babu mugu ko ɗaya. Kowa ladabi ya yi. Ladabinmu ne ya kashe mutumin nan."

Ni na aika wa limamin zangonsu labari ta hannun wani ɗan kasuwa. Shi kuwa Ustaz sai ya shiga kiran duk wanda ya taɓa maganar Sale, ɗaya bayan ɗaya: Madam Karin, Mista Pita, jami'in kamfanin mai haya, wakilin tashar da jirgin ya taso, dillalin mai jirgi, da wasu takwarorinmu na tashoshin da ke kan hanya. Ya ce su zo Alƙahira. Wasu suka tambayi me za a tattauna. Ya ce babu. Su zo dai a ci abinci, kowa ya ga fuskar wanda yake rubuta wa. Na zaci ba mai zuwa. Da sanyi ya shigo sai ga su, kusan duka, har Mista Pita, wanda na yi tsammanin ganin ƙaton mai girman kai, sai na ga siririn saurayi da ko ɗaga ido ba ya iya yi.

A ɗakin baya muka zauna, inda yanzu kuke ajiye tsofaffin fayiloli. Ustaz ya hana a shigo da takarda. Ya ce kowa ya faɗi sunansa, da na iyalinsa, da lambar wayar gidansa, ya kuma yi alkawarin ba zai ji haushi ba in an kira shi ranar hutu. Bayan an ci abinci Madam Karin ta tambaye ni me ake yi a wurinmu idan mutum ya rasu. Na ce ana zuwa gaisuwa, ba a aikawa da takarda. In tafiya ta gagara, ko murya ce a ji. Ta ce to a yi.

Washegari liman ya kai Ladidi shagon wani mai waya a unguwarsu. Muka kewaye tebur, Ustaz ya buɗe lasifikar wayar. Na yi mata gaisuwa, na ce ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'aiki. Na ce akwai mutane tare da ni daga ƙasashe daban-daban, suna so su yi mata ta'aziyya. Kowa ya faɗi nasa ina fassarawa. Tana amsawa a hankali, ana jin kukan yaro a bayanta.

Ta ce, "Malam, su wane ne mutanen nan?"

Na ce, "Su ne maganar Malam Sale ta bi ta hannunsu."

"A cikinsu wa ya gan shi?"

Na ce ni kaɗai.

"Ka ga ikon Allah," in ji ta. "Ba su san shi ba, ba su taɓa ganinsa ba, amma suka yi ta wahala a kansa, har suka taso daga garuruwansu. Malam, ka gaya musu na gode. Allah ya saka musu da alheri. Yadda suka tsaya wa baƙo, Allah ya tsaya wa 'ya'yansu a inda ba su da kowa."

Addu'a ba a barinta babu amin. Na ce amin, amma ni kaina da ƙyar na ji muryata. Duk suka zuba mini ido suna jiran fassara. Na yi niyyar in taƙaita, Ustaz ya ce, "Kamar yadda ta faɗa, ya Haruna." Na fassara musu ita duka, ban rage komai ba. Madam Karin ta sunkuyar da kai. Mista Pita ya tashi ya fita tsakar gida, ya tsaya yana fuskantar bango, kafaɗunsa suna rawa.

Kafin su watse Mista Pita ne ya ce a sake haɗuwa baɗi a garinsu, kowa ya zo da wanda yake yawan rubuta wa bai taɓa gani ba. Haka aka yi, shekara ta biyo shekara, abu ya yi ta girma har ya zama wanda kuke rububin zuwa. Ustaz Fikri ya rasu, Madam Karin ta yi ritaya. Mista Pita ya zama babba a kamfaninsu, kuma duk wanda ya yi aiki da shi zai gaya muku babu mai saurin ɗaukar waya kamarsa.

Abin da na koya shi ne, mutanen sana'ar nan ba marasa imani ba ne, matsorata ne, kuma tsoron wanda ba su sani ba ya fi kowanne yawa. Takarda ba ta sa mutum ya ɗauki kasada, sai fuskar da ya taɓa zama da ita a kan akushi ɗaya. Don haka duk wanda ya samu zuwa bana, ya bar zaman gefe da 'yan ƙasarsu, ya nemi mutumin da yake jin nauyin kira, ya ja kujera kusa da shi. Ni kam duk shekara idan aka buɗe taro ana tafi, addu'ar Ladidi nake ji, kuma har yau ban iya ce mata amin da ƙarfi ba.